Ƙafar Tela

Tun farkon sati 'yar tela take jin wani wari a shagon ɗinkin babanta, wari mai tsaya wa mutum a maƙogwaro. Ita ke yi masa guga da sa maɓalli, kuma Allah Ya yi ta da ƙyanƙyami, ko gashi ta gani a kofi ta fasa shan ruwan ke nan. Ta ce ɓera ne ya mutu. Ta ja kabad, ta zazzage buhun ƙyallaye, har maƙwabta ta zaga a ranta. Babu ɓera babu dalilinsa.

Sai da ta durƙusa ɗauko almakashi a ƙarƙashin keken ɗinki ta gane. Safar Baba ta jiƙe sharkaf da wani ruwa mai yauƙi, ƙudaje sai binta suke yana ta taka keke abinsa.

"Baba, cire safar nan."

"Ke, aiki nake."

"Don girman Allah ka cire."

Safar ta fito har da fata. Rami ne baƙi a tafin ƙafar, da guntun allura a ciki, ga tsutsotsi ƙanana suna motsi. Da gudu ta fita ta kwara amai a kwata. Amma abin da ya fi tayar mata da zuciya shi ne dariyar da ya raka ta da ita.

"Raguwa kawai! Ni ko a jikina. Da can ne ƙafar ke min zugi. Da ta daina na san na warke, shi ya sa na watsar da maganin sugan nan."

Da ƙyar ta ja shi asibiti, tana toshe hanci da mayafi, tana jin kunyar toshewar.

Likitar ta wanke ciwon, ta ce, "Baba, jijiya kamar wayar lantarki take. In abu ya soke ka, gishirin jikinka ne ke kutsawa cikin jijiyar ya tayar da 'yar wuta, ita kuma ta kunna ta gaba, har saƙo ya kai ƙwaƙwalwa ka ce wash. Suga ya ci maka wayar. Shirun nan ba warkewa ba ne."

"Yankewa za a yi?" 'yar ta tambaya.

"Bari mu ga abin da ya rage. In yana ji ko kaɗan, da sauran dama. Baba, rufe ido, in ka ji tsinke ka faɗa."

Ya rufe. Likitar ta tsikari babban yatsa. Ta tsikari na kusa da shi, da dunduniya, da idon sawu. 'Yar ta saki mayafin, ta manta da wari, ta kafa wa bakinsa ido tana roƙon Allah ya yi ihu. Tsinken ya hau ƙwauri, har ɗigon jini ya fito.

Baba ya gyara zama, idonsa a rufe.

"To likita, ki fara mana. Ɗinkin mutane na jirana."