Direban da Ya Ji "Malam"

Ni na laƙaba wa Muttaka suna Malam Buɗe-littafi, sunan kuwa ya bi shi har masallacinmu na unguwar Taman Melati, a ƙasar da muka zo karatu. To me za ka kira wanda gwamnati ta turo ya yi digiri na uku a kan malam-buɗe-littafi? Nasa wani baƙi ne mai koren zane a fiffike da jan wuya, Rajah Brooke. Ya zana taswirar duk inda yake rayuwa, daga dazukan Perak har Sumatra da Borneo, amma duk a kwamfuta. Bai taɓa ganinsa a daji ba.

"Malam, kai fa hoto ka aura," nakan ce masa.

Ana jibi zai koma gida ya ce, "Kalilu, kai ka san gari, samo mini mota gobe. Da hantsi suke sauka shan ruwa a bakin wani rafi a Perak. Sau ɗaya dai in gan shi."

"Boleh!" na ce da yaren ƙasar, wato zai yiwu. "An gama."

Muna mamak, wato gidan cin abinci, na kira wani direba ɗan ƙasa da ya san rafin. Na ce masa gobe. Yana wata tambaya na hango Muttaka zai zauna a kujerar da miya ta zube, na ƙwala, "Malam! Malam!" Direba ya ce, "Oke lah," ya kashe waya.

Tun asuba Muttaka ya fito bakin titi da kyamara. Rana ta ɗaga, ba mota, wayar direba a kashe. Ina ta zuba masa barkwanci, yana ta leƙen kwana.

Sai azahar mutumin ya ɗauka, da muryar barci. Wai ya tambaye ni da safe ko yaushe, na ce malam, har sau biyu. Malam a bakinsu dare ne. Kuma na sani! Ni da nake koya wa sababbin zuwa yaren.

Perak ba nan kusa ba ce, ga hadari ya haɗo.

Da zagina ya yi da na ji sauƙi. Zama ya yi a matakala, ya kwance igiyar sabon takalmin dajinsa, ya turo mini.

"Ƙafarmu ɗaya," ya ce. "In ka samu zuwa, kar ka turo mini hoto. Ina da su da yawa. Ka kira ni kawai ka gaya mini yadda yake tashi."

Na sunkuya na ɗauki takalmin.