Babin da Auta Ta Canza

"Ba ta rufe ƙofar ba," in ji Anti Almakashi.

"Ta rufe. Har sakata ta saka. Da kunnena na ji."

"Kunnenki ya ji, ni idona ya gani."

Mai Guga ta dire dutsen gugar da ya huce tun da aka ɗauke wuta. Ta ce ita dai ba ta tsufa ba balle a ce ta fara ruɗewa. Anti ta gyara zaman sabon tabaraunta, ta ce ba ruɗewa ba ce, an ruɗa ta ne.

Auta tana kusurwa tana ɗinka maɓalli a wuyan wata riga. Ba ta ɗago ba.

Haka suke yi a shagon ɗinkin. In wuta ta tafi, kekuna suka tsaya, sai a kulle ƙofar gilashi saboda masu zuwa cigiyar kaya, kowacce ta ɗauki aikin hannu, Auta ta karanta musu littafi. Ita ce mai karatu domin Anti ba ta ganin ƙananan baƙaƙe, Mai Guga kuwa tuntuɓe take yi a kowane layi. Wata mai kawo ɗinki ce ta mance littafin a kan benci, bangonsa a yage. Labarin wasu mata biyu ne, ya da ƙanwa, masu yin sabulu a bakin gari. Wani jariri ya mutu, aka ce yayar mayya ce. Shekaranjiya Auta ta karanta babin da mutane suka biyo yayar da duwatsu har ƙofar gida, ƙanwar ta leƙa ta gan ta, ta rufe. A ƙarshen babin kuma aka gano cewa maitar gaskiya ce.

Jiya Anti ta karɓo tabarau, ta tafi da littafin gida don ta gwada shi.

Ta ce ta bi babin nan layi-layi da yatsa. Ƙanwar buɗewa ta yi, ta fito ba ko takalmi, ta tsaya a gaban yayarta, dutsen farko ma ita ya samu a goshi. Maganar an gano maita kuwa, babu ita ko a gefen shafi.

Mai Guga ta ce to marubucin ne ya yi kuskure, don na Auta ya fi kama da hankali. Wace ce za ta ba da goshinta saboda wata? Ita da tata yayar ce, sakata za ta saka ta ƙara da benci. Anti ta ce ai Mai Guga tun kafin a kira yayarta mayya ta saka mata benci, a kan aron ɗankunne. Suka yi 'yar dariya, ba mai yawa ba.

A cikin gwangwanin maɓallai wayar Auta ta fara rawa. Maɓallan suka ɗauki ƙara. Ta ɗora tafin hannu a kan murfin har ta yi shiru.

Ta san mai kiran. Yayarta ce, wadda ta goya ta bayan rasuwar mahaifiyarsu. A gidan hayar da Yaya take, 'yar maƙwabciya ta yi zazzaɓi ta rasu, sai wata ta tuna cewa Yaya ta taɓa ba yarinyar alewa. Daga nan aka daina amsa mata gaisuwa. Aka daina shanya a igiyarta. Mai gidan ya ce ba ya son fitina, yau ta kwashe kayanta. Abin da Yaya ta roƙa ba shi da yawa: wurin shimfiɗa tabarma a ɗakin Auta, kafin ta samu wani. Auta ta ce za ta duba. Ita ma haya take, famfo ɗaya suke ɗiba da mata masu ƙananan yara, kuma ta san magana tana riga mai ita isa wuri. Tun ranar ba ta sake ɗaukar wayar ba.

Ba ta shirya canza babin ba. Idonta ne ya riga bakinta zuwa ƙasan shafin, ta ga an buɗe ƙofa, sai kawai ta ji bakinta yana rufewa. Sauran kuma ya zo da kansa, tana juya shafi a inda ya kamata. Har ta ji daɗin yadda Mai Guga ta gyaɗa kai.

"Auta," in ji Anti. "Ke ba kya cewa komai?"

"Wataƙila na tsallake layi."

"Layi? 'Yar nan, gari guda kika tsallake."

Anti ta turo littafin a kan teburin yanka, ya ture alli da tef, ya tsaya kusa da hannun Auta. Ta ce a sake karantawa, wannan karon za ta tsaya a kanta tana bi. Mai Guga ta ce ita ba ta son wani sabo, ta riga ta saba da nata.

Auta ta buɗe. Ta samu shafin, an lanƙwasa kunnensa. Ta karanta yadda aka rubuta, da muryar da take karanta awon kwastoma. Ƙanwar ta ji ihu. Ƙanwar ta cire sakata. Ƙanwar ta fita ba takalmi. Babu wadda ta katse ta. Da ta zo wurin dutsen, Mai Guga ta ja tsaki ta ce wauta ce, amma a hankali ta faɗa.

Aka ƙwanƙwasa gilashi.

Wata mata ce a waje, cikin rana, da jaka babba a ƙafarta da bokiti cike da tukwane a hannu. Ta rame. Ba ta sake ƙwanƙwasawa ba. Ta kare fuskarta da hannu tana ƙoƙarin hango cikin shagon, wanda duhu ne daga inda take.

Anti ta dube ta ta cikin sabon tabarau, ta daɗe. Sannan ta dubi goshin Auta da haɓarta, irin na matar sak. Ta ɗauki almakashi ta ci gaba da rage zare.

Makullin yana rataye a ƙusa, daidai kafaɗar Auta. Yatsanta na nan a kan layin da ta tsaya.

Mai Guga ta leƙa, ta ce wannan ba ta yi kama da mai karɓar ɗinki ba.

"A buɗe mata ne, ko a ce mun tashi?"