Ƙofar da Ba Ta da Zane

Velayudham yana biye da matarsa yana haki, ita kuwa Alamelu ko waiwaye. Gari bai gama wayewa ba ta tayar da shi, ko kofi bai kurɓa ba, wai sai sun je sabuwar unguwa ta gani da idonta ko gaskiya ne tankar ruwa can take fara juyewa kafin ta iso wajensu. Ƙarfe goma za a yi taro, kuma ba ta son ta tsaya gaban mutane da "an ce".

Lokacin da ya ajiye aikin jirgin ƙasa suka tare a Thoppu, rukunin gidajen 'yan fansho da ke bayan birnin Coimbatore, layuka kaɗan ne a tsakiyar gonar kwakwa, kowa ya san tarin kowa. Sai kamfanin da ya gina gidajen ya ɗanɗana ya ji zaƙi. Aka sare kwakwar, aka dasa gidaje layi bayan layi har gindin dutse. Famfo ya koma ɗiga, likita ɗaya ya zama na dubban tsofaffi, motocin siminti suka hana kowa barcin rana. Shi ya sa tsofaffin mazauna suka ce a ja katanga tsakaninsu da baƙin, su riƙe rijiyarsu da ƙofarsu. Alamelu ce uwar tafiyar. Wata da watanni tana bi gida-gida, ta ɓata da wasu, ta shirya da wasu, yau kuma ranar ƙuri'a.

Suna cikin layi na uku sai ta ci birki, har ya kusa yin karo da ita. Kowace ƙofa an share, an yayyafa ruwa, an yi kolam, zanen nan na garin shinkafa da mata ke yi a bakin ƙofa da asuba. Ƙofa ɗaya ce fayau, sai busassun ganye. Gidan Ponnammal ne, wata gwauruwa da suka taɓa yin cacar baki da Alamelu a layin ganin likita, har ta ce wa Alamelu ko ita ta haifi asibitin. Tun daga ranar Alamelu ba ta ambaton sunanta, sai dai "waccan mai bakin".

Wani dattijo yana ba shukarsa ruwa a gidan da ke kusa. Alamelu ta tambaye shi tun yaushe ƙofar take haka. Ya ce tun jiya, ya ƙara da cewa su ma sun lura, sun ɗauka rasuwa aka yi mata a dangi, tunda gidan makoki ba a zane, shi ya sa ba su dame ta ba.

"Kun ɗauka," in ji Alamelu. "Da hannu a jikinka, da ƙofa a gabanka, ka zauna kana ɗauka. Ka san sunanta ma?"

Bai sani ba, bawan Allah. Watansa biyu da tarewa. A tsofaffin layuka kuwa doka ce da ba wanda ya rubuta: in rana ta fito ƙofarki ba zane, sai an buga, in makoki ne a taya ki, in ciwo ne a ɗauke ki.

Ta buga, shiru. Ta zagaya ta tagar kicin ta kira, "Akka! Akka!" Velayudham ya yi mamakin jin ta kira matar yaya. Can sai suka ji ana ƙwanƙwasa cokali a ƙasa, a hankali. Aka kira mai gadi ya ɓalle ƙofar. Ponnammal tana kwance a gefen murhu tun safiyar jiya, santsi ya kwashe ta, ƙugu ya karye, waya tana can ɗaki. Leɓɓanta sun bushe sun tsage. Alamelu ta zauna daɓas a ƙasa, ta ɗora kan matar a cinyarta, tana jiƙa bakin zaninta tana ɗiga mata ruwa, tana yi mata faɗa ƙasa-ƙasa kamar ƙanwa ta kama yayarta da laifi.

Motar asibiti ta taso, amma ta maƙale a bakin layi, don wata motar siminti ta gicciye hanya, direban yana shan shayi. Aka aika masa mai gadi, ya ce sai ya sauke kaya. Alamelu ta miƙa wa mijinta kan Ponnammal ta fita. Bai ji abin da ta gaya wa direban ba, ta taga dai ya hango 'yar tsohuwa, tsayinta bai kai tayar motar ba, ta karɓe kofin shayin daga hannun ƙato ta ajiye a kan bulo, ta nuna masa sitiyari. Motar ta ja da baya tana ƙugi. Shekara da shekaru Velayudham yana ƙorafin bakin matar nan tasa, yau ga shi yana alfahari da shi.

Da za a rufe motar asibitin sai ga ta a ciki, riƙe da hannun Ponnammal. Ya tuna mata taro. Ta dube shi, ba ta kira sunansa ba, don ba ta taɓa kira ba.

"Kun ji, ku je ku yi magana a madadina."

"Ni? In ce me?"

"Abin da kuka gani."

Mutumin da tutar jirgi da usur suka yi masa magana duk rayuwarsa, ga shi gaban zaure cike da furfura. Shugaban ƙungiya, Chidambaram, tsohon manajan banki, ya gabatar da shi da murna, ya ce ga muryar Alamelu ta iso. Velayudham ya miƙe. Ya faɗi maganar ruwa, ya faɗi ta hanya, ya ce kamfani ya ci amanarsu kuma ba za su ƙyale shi ba. Aka tafa. Sannan ya ba da labarin ƙofar, da cokalin, da dattijon da bai san sunan maƙwabciyarsa ba. Ya ce inda aka shata katangar, daidai nan suka bi da asuba.

"Da mun riga mun gina ta," ya ce, "da sai wari ya sanar da su."

Chidambaram ya ce ai ba wannan aka aiko shi ya faɗa ba. Wani ya ce baƙin ne suka shanye musu ruwa, wata tsohuwar malamar makaranta ta ce baƙin ma tsofaffi ne irinsu, ƙarya ɗaya aka sayar musu. Aka ɗaga hannu. Maganar katanga ta faɗi a ƙuri'a, aka kafa kwamitin ruwa da hanya, kuma aka ce a gayyato 'yan sabuwar unguwa ciki.

Ya koma gida jikinsa a sanyaye. Aikin wata da watanni ya rushe wa Alamelu cikin minti kaɗan, kuma ya san halin kayarsa. Da yamma ta dawo, zaninta duk ya yamutse, ta ce an yi wa Ponnammal aiki, likita ya ce za ta tashi. Ya haɗa mata kofi da kansa, ya jira ta kurɓa, sannan ya ce katanga ta faɗi, kuma shi ya kayar da ita.

Ta daɗe tana juya kofin. Sai ta ce Ponnammal tana farfaɗowa ba ta ce an gode ba, cewa ta yi a je a yi zane a ƙofarta kada mutane su ce ta mutu.

"Gobe zan yi mata," in ji Alamelu. "Sai dai kowa zai gane ba hannunta ba ne. Kullum na wuce sai na tsaya na kalla. Ni ban iya irin nata ba."

Velayudham ya sunkuyar da kai yana hura kofinsa da ya riga ya huce. Tun ranar aurensu bai taɓa jin ta ce wata ta fi ta ba.