Lambar da Ke Jikin Kwamfutar Baya

"Ajiye tsumman nan, Malam," in ji matata. "Duk ranar da ka tashi da goge-goge, sai wani abu ya lalace."

Ban saurare ta ba. A ranar babbar 'yata za ta tafi wani gari mai nisa kama sabon aiki, kuma ni in hankalina ya tashi, hannuna ba ya zama. Na buɗe shagona na buga takardu da sassafe, na zare wayoyi, na goge komai har ƙarƙashin tebur.

Kwamfutoci biyu gare ni. Ta gaba a kan kanta take, nan nake karɓar aikin mutane. Ta baya ita ke riƙe da firinta. Tsofaffi ne, 'yata ce ta raya su da wata manhaja mai suna Linux. Da can akwai wani ɗan akwati mai fitilu da ke ba kowacce adireshinta, wato lambar da 'yar'uwarta za ta neme ta da ita. Da akwatin ya ƙone, sai 'yata ta ce ba sai mun sayi wani ba. Ta saita su yadda kowacce za ta zaɓi lamba da kanta, ta yi cigiya ta wayar da ta haɗa su ko akwai mai ita, in ta ji shiru ta riƙe, in an amsa ta nemi wata.

"Kamar mai neman wurin zama a mota, Baba," ta ce.

Ni dai ban yarda da abin da ba mai rabawa ba. Na rubuta lambar ta baya a takarda na manna a jikinta, da ita nake aika aiki kullum.

Da na gama shara na mayar da wayoyi, na aika takardar wani malamin makaranta. Firinta ko tari. Na sake aikawa, shiru. Gumi ya karyo mini, don 'yata ta riga ta faɗa a gaban uwarta cewa muddin shagon bai tsaya da ƙafarsa ba, ba inda za ta. Ta sha wuya kafin ta samu aikin nan. Na ba malamin haƙuri, na ƙudura ba za ta ji ba sai ta isa.

Sai ga ta a bakin ƙofa da jakarta, ta biyo sallama.

"Baba, me ya faru?"

"Ba komai, uwata. Maza kar mota ta tashi."

"Ba komai, kuma kana tsaye ka tare firinta da jikinka?"

Ta ajiye jakar. Ajiyewar nan ce ta fi tsorata ni. Ta leƙa bayan kwamfutocin, ta ɗago tana danne dariya. Kowacce tana da wani ɗan abu da ake soka mata a gefe, shi wayar ke shiga, ɗaya fari ɗaya baƙi. Ashe garin mayarwa na musanya su.

"Ai duk ɗaya ne," na ce.

"A ido. Amma lambar da kwamfuta ke zaɓa wa kanta, wannan ɗan abin take bi. Ta baya ta ɗauki lambar ta gaba, ta gaba ta ɗauki tata. Tun safe kanka kake aika wa aiki, Baba."

Na miƙa hannu zan mayar da su yadda suke, ta riƙe ni.

"Bar su haka. Gobe ma za ka yi shara, na san ka."

Ta ɓare takardar lambar da na manna ta cusa a aljihunta, ta ja mini kujera. Ta ce kwamfutar baya tana da suna, kuma sunan ba ya canzawa ko lamba ta canza. Ta ƙi taɓa komai. Ni na goge lambar a kwamfutar gaba, ni na rubuta sunan a madadinta da yatsa ɗaya, har na yi kuskure ta ce in sake. Firinta ta ja takarda. Ta sa na kashe duka na kunna, na sake aikawa, ta sake fita.

Ta daɗe tana kallona, jakar na ƙasa.

"In ka ce in zauna, zan zauna."

Na sunkuya na ɗauki jakar, na ɗora a kafaɗata.

"Ke da kika tsufa a shagon nan, ba kya gajiya da warin tawada?"

"Kai ma ai ba ka gaji ba, tsoho."

Na rufe shagon na raka ta tasha. Ta samu wuri kusa da taga, ta leƙo tana cewa in bar tsumma ya huta. Motar ta tashi.

Na dawo na buga wa malamin takardarsa. Sunan nan ɗaya na iya. In wani abu daban ya lalace, ban san ko zan iya gyara shi ba, kuma ban san ko zan gaya mata ba.