Abokin Lissafin Zaiba

Mutanen Fagge sun daɗe da yanke wa Malam Hambali hukunci: boko ya taɓa shi. Ina dalili, mutum ya dawo daga Ingila ba mota ba mata, sai injin lissafi guda biyu masu hannu, kamar na niƙan barkono?

Wani malaminsa a can ne ya ɗora masa aikin: ya lissafo yadda ƙwayar zarrar zaiba take a ciki. Aikin cin rai ne. Za ka ƙiyasta inda elektaron, wato ƙananan ƙwayoyin da ke cikinta, ke zagaya cibiyarta, ka murza inji, amsar da ta fito ka mayar da ita ka sake murzawa, har abin da ka zuba da abin da ya fito su zama ɗaya. Ga zaiba da taurin kai. Elektaron ɗinta na can ciki gudunsu ya kusa na haske, sai su ƙara nauyi su matse jikin cibiya, dole a gyara lissafi saboda haka.

Kuma ba a yin sa mutum ɗaya. Biyu ke murzawa, kowa da injinsa, sannan a gwada. In lamba ta saɓa, wani ya yi kure. Duk Kano mutum guda ya yarda ya zauna masa: Ambrose, mai gyaran agogo a Sabon Gari. Hambali ya ajiye masa inji ɗaya a shago, kowace Asabar bayan la'asar zai ɗaure ɗayan a bayan keke ya tafi. Ambrose ba ya raga masa. "Malam, ka sake, ban yarda ba!" Su yi ta musu har shayi ya huce. Wallahi duk mako ba inda Hambali ke dariya sai shagon nan.

Ana saura kaɗan lambobi su daidaita, rikicin shekarar hamsin da uku ya ɓarke tsakanin unguwannin biyu. Da aka buɗe hanya Hambali ya je, ya tarar Ambrose na ɗaure kaya.

"Ka tsaya mu ƙarasa mana," in ji Hambali.

"Matata ba ta barci, Malam. Gida za mu." Ya turo masa injin. "Ga naka."

Hambali ya raka su tashar jirgi, ya dawo da inji biyu a keke ɗaya.

Ya nemi wani abokin lissafin. Malaman makarantar da yake koyarwa suka yi masa dariya, wani akawu ya zo sau ɗaya bai ƙara ba. Ƙarshe ya jera injinan a zaure, ya murza wannan, ya matsa ya murza wancan. Shiru ya ishe shi, kewa ta cika masa ciki.

Wata ranar damina da hantsi lambobin suka daidaita, inji biyu baki ɗaya. Ya zauna yana kallonsu.

Mahaifiyarsa Yakaka ta leƙo da kwanon fura. "Yau na ji ƙarar ta tsaya. An gama?"

"Sun yi daidai, Inna."

"To alhamdulillahi! Fuskar ta mece ce kuma?"

"In na yi kure a nan, shi zan maimaita a can. Ba yadda zan sani. Inna, ni na tambaya, ni na amsa."