Mataki na Goma Sha Huɗu

…sha biyu, a lanƙwasa ƙafar dama ta koma ƙarƙashi. Sha uku, a murɗa ƙugu har sai ya ce ƙas. Ya ce ƙas. To, sha huɗu — sha huɗu…

Muntaka na zaune a kan tabarma, ya jingina da bango, abin wasan na kan cinyarsa. Rabinsa tifa, rabinsa mutum. Tayoyin baya sun zauna, kai ya shige cikin ƙirji, amma hannun hagu na nan a miƙe, ya ƙi shiga ko'ina. Ina ma yake shiga? Akwai wani ɗan abu da ake dannawa… ko ɗagawa ake yi? Shekara ashirin da biyu yana warware tifar nan ta zama mutum-mutumi, ya naɗe ta ta koma mota. Mataki ashirin da huɗu. Yana yi yana sauraron labaran rana. Ya taɓa yi da tsumma ɗaure a idonsa, a gareji, sauran kanikawa na ihu suna buga sifana a kan bonet.

Yau kuma sha huɗu ta ɓace. Babu ita. Gurbinta kawai, fayau.

A'a, kada ya matsa. Abin wasa ɗan Japan ba ya son ƙarfi. In ya cije, kai ne ka kuskure, ba shi ba. A koma baya. Ɗaya…

Goshinsa na tsattsafo da zufa. Da hantsin nan, ga iska na shigowa ta taga?

A tsakar gida matarsa Luba na ɓarar gyaɗa. Yana jin ɓas, ɓas, sai ta tsaya. Tsayawa take ta saurari ɗakin nan, ya sani. Shekara talatin da huɗu da aure, ya san shirunta iri-iri, wannan kuwa sabo ne. Ɗazu ta zagaya bayan rumbu da waya, ta rage murya, ta manta danga ba ta riƙe magana. "Ramlat, ki zo dai ki gan shi da idonki." Ki gan shi. Kamar wata tunkiya da ta ƙi cin dusa. Ramlat, 'yarsu ta fari, ma'aikaciyar jinya a birni, da ta tashi daga aiki za ta kamo hanya, kafin la'asar tana nan. Za ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta soma tambayoyin nan nata masu laushi. Baba, yau wace rana ce? Baba, me ka ci da safe?

Laraba. Laraba ce. Koko da ƙosai… ko jiya ne ƙosan?

In ya naɗe tifar kafin ta iso, babu abin da ke damunsa. Magana ta ƙare. Mutumin da ya riƙe mataki ashirin da huɗu a kansa ba a ce masa — ba a ce masa komai.

Jiya. Ba ya son tuna jiya, ga ta kuma ta zo ta zauna. Ya taso daga gona, fartanya a kafaɗa, rana tsaka. Daga gonar zuwa ƙofar gida ko carbi uku ba a ja ba. Kukar gidan Alhaji Sabiru, sai burtali, sai rijiya, sai gida. Tun yana ɗan shekara bakwai yake bin hanyar. Ya shiga tsakanin dawa, dawa ta fi shi tsawo hagu da dama, ya ɗaga kai — bai san wurin ba. Ba jiri, ba ciwon kai, ba duhun ido. Ga kuka, ga burtali, yana ganinsu sarai, amma sai ka ce garin wasu. Ina ne gabas? Gidan wa zai nufa? Ƙafafunsa suka tsaya cak. Har yaushe ya tsaya a wurin? Inuwarsa ta matsa, wannan dai ya lura.

Sai ƙarar amalanke, Naziru maƙwabcinsa da shanunsa biyu. "Baba Muntaka, lafiya kake tsaye a rana?" Akuya nake nema, in ji Muntaka. Akuya! Su da rabonsu da akuya tun bara. Naziru ya matsa masa wuri a kan amalanken. Magidanci ne mai kunya, kansa a sunkuye har ƙofar gida. Wannan sunkuyar da kan… da ma dariya ya yi masa.

Sha ɗaya, sha biyu, sha uku. Ƙas. Hannu a miƙe.

Ya ɗaga ido ya dubi kanta. Irin waɗannan kayan wasan ashirin da uku gare shi a kanta, kuma yana iya jero su, a saurara — farin jirgin ƙasa mai dogon hanci, shi ne na fari, a ƙarƙashin kujerar wata mota 'yar Kwatano ya tsince shi da aka kawo ta gyara. Ya zaci jirgi ne kurum, sai da ya ja hancin ya ga fuska ta leƙo, saura kaɗan ya yar. Ranar ko abinci bai ci ba, ya zauna yana bin gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya, yana mamakin kan da ya zauna ya tsara wannan. Sai motar kashe gobara, daga dilar gwanjo a Ƙofar Wambai, tsaninta ya karye tun kafin ta zo hannunsa. Jiragen sama uku da ke haɗuwa su ba da ƙato ɗaya. Babur ɗin da Ramlat ta sa aka aiko masa a kwalinsa, da takarda mai zane-zane da rubutun da ba wanda ya iya karantawa a garin nan. Duk ya san su. Ya san mai ƙarfe a tafin ƙafa, ya san wanda robarsa ta soma rawaya, ya san wanda notinsa ba na asali ba ne, domin shi ya ciro daga tsohon rediyo ya sa masa. Mai ciwon mantuwa zai san wannan? Zai sani?

Malam ma ai yana kawo izu sittin da ka.

Malam Abdulkabir, mahaifinsa. A ɗakin nan, a jikin bangon nan. Mutumin da ya shekara arba'in yana biya wa garin nan karatu, aka wayi gari yana tambayar matarsa Inna ko ita baƙuwa ce. Ya zuba karatu izu bayan izu ba gargada, ya idar, ya dubi Muntaka ya ce, "Bawan Allah, daga ina?" Da me ya fara? Da ɓatan hanya ya fara. Daga masallaci. Aka ce gajiya ce, aka ce iska ce, aka yi rubutu aka ba shi. Sau uku ana tsinto shi, na ƙarshe a bakin titin Gezawa, ba takalmi, motoci na kauce masa suna danna hon.

Shi ya sa Muntaka ya rufe gareji ya dawo gida. Shi ya sayo kwaɗon. Shi ya huda ƙyauren nan ya kafa ƙarfen ta waje, aikin bakanike, tsaf, ba girgiɗi. Ramukan notin huɗu na nan har yau, ga su can, rana na shigowa ta cikinsu. Malam na bugawa daga ciki, ba da ƙarfi ba, da tafin hannu. "A buɗe mini, ɗalibai na jira." Shi kuwa yana tsaye a waje da makulli a aljihu…

Baba, ka yafe mini. Na zaci ba ka san abin da ke faruwa ba. Ashe ana sani. Ana jin takun ciwon yana tahowa.

Nasa kwaɗon wa zai sayo? Ramlat ba za ta iya ba. Kamaruddeen ƙaninta yana can Legas, ta waya zai ce a yi abin da ya dace. Luba ce za ta ƙulle makulli a gefen zaninta. Luba da in ta rufe kaji suka yi kuka sai ta koma ta leƙa…

Ya ajiye ɗan Japan, ya miƙa hannu ya ɗauko ɗan'uwansa. Tifa biyu gare shi, launi ɗaya, ruwan ɗorawa, in ka hango su daga ƙofa sai ka rantse uwa ɗaya uba ɗaya. Wannan jabu ne. A hannu ake ganewa: ba nauyi, robar na warin ƙonanniyar leda, gaɓoɓi na lilo, ba ya cewa ƙas, sai dai ya tafi laƙwas. Waɗanda suka kwaikwaya a hanya suka gaji, suka haɗe hannu da kafaɗa, suka manne wuya, ashirin da huɗu ta koma sha ɗaya. Ya ajiye shi ne don nuna wa baƙi bambanci. Ga aikin wanda ya girmama aikinsa, ga na mai sauri. Bai taɓa ƙaunarsa ba.

Ya warware shi. Ya naɗe. Sha ɗaya cif, ba tuntuɓe.

To, an gani? Lafiyarsa ƙalau… A'a. Sha ɗaya. Wannan ai ko da ƙafa sai a yi. Iyakar abin da ya rage masa ke nan? Yau jabu, gobe kuma wanda ba ya buɗewa sam, sai dai a tura a ƙasa? Dattijo da furfurarsa a bayan ƙyaure yana tura mota a tabarma, mutanen gida na leƙe ta ramin noti —

Innalillahi. Ya ture jabun gefe.

Ba zai bar na gasken haka ba. Malam ne ya kafa sharaɗin, tun yana da lafiyarsa, ran da ya fara ganinsu a jere da fuskokinsu da damatsansu. Ya daɗe yana kallo. "Ba a ajiye mini siffar mutum a gida." Muntaka ya ɗauki jirgin ƙasan ya naɗe a gabansa. Malam ya karɓa, ya juya, ya duba ƙasa, ya duba sama, ya nemi mutumin ya rasa. Ya yi 'yar dariya, irin wadda ba kasafai ake gani ba. "In dai a haka zai zauna, jirgi ne." Tun daga ranar ko ɗaya bai koma kan kanta a tsaye ba. Wannan fa? Hannu ɗaya a sama. Wa zai naɗe su in shi ya — Luba ba ta taɓa su sai da tsumman goge ƙura.

Ɓarar gyaɗa ta tsaya. Takunta. A'a, madafa ta nufa.

Ƙarar babur daga titi. Ita ce? Tun yanzu? Gabansa ya yanke ya faɗi… ya wuce. Ya wuce.

Ya rufe ido. Ba don wata dabara ba, ya gaji ne da ganin hannun. Bismillah. Ya bar ƙirgan. Babban yatsansa na yawo a bayan tifar, ya bi sanyin ƙarfe, ya bi ɗan rubutun da aka dasa a ƙarƙashi, ya gangara gefen haƙarƙari, ya tsaya. Wani ɗan tudu kamar ƙwayar gero. Yatsan ya danna da kansa.

Ƙas.

Gefen ƙirji ya buɗe, hannu ya kwanta ciki kamar da ma jira yake. Sha biyar — sha shida — bai ma san yana yi ba, ƙas, ƙas, gilas ya sauko, bamba ya hau, bodin baya ya kifu ya zauna. Ashirin da huɗu. Tifa. Ya ɗora ta a tabarma ya tura da yatsa, tayoyi shida suka gangara sumul.

Alhamdulillahi. Alhamdulillahi! Numfashi ya dawo masa, dariya na neman ƙwacewa. Gajiya ce! Ranar jiya ce ta buge shi, mutum ya haura sittin yana noma ba malafa. Ramlat ta zo ɗin, ya warware ya naɗe a gabanta, ta sha ruwa ta koma.

"Luba! Luba, zo ki gani!"

Ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, ɓawon gyaɗa a zaninta. Ya ɗaga tifar da hannu biyu.

"Kin ga? Tun safe take ba ni wahala. Ashe ɗan maɓallin a gefe yake. Ki ce wa Ramlat ta yi zamanta."

Luba ta dubi tifar. Ta dube shi. Ta kama gefen zaninta tana murzawa.

"Maigida… ai ka nuna min."

"Yaushe?"

"Ɗazu, bayan ka karya. Da kuma sanda na kawo maka ruwa." Muryarta ta yi ƙasa. "Haka ka ce. Ashe a gefe yake."

Ruwa. Ga kofi nan kusa da gwiwarsa, an sha rabi. Yaushe… wa ya…

Tifar na hannunsa, a naɗe, ba inda ya saura. Nauyinta na nan, sanyinta na nan. Sau uku ke nan. Ko ukun ne ta iya faɗa? Ya nemi safiyar a cikin kansa, ya laluba, ya laluba — tabarma, bango, ƙas… babu Luba a ƙofa, babu kiran, babu murnar. To wannan murnar fa, ta yanzu, wadda ba ta gama barin ƙirjinsa ba? Ita ma tafiya za ta yi, ko sawu ba za ta bari ba?

Luba ba ta koma ba. Ta shigo ta zauna a gefen tabarma, abin da ba ta saba yi da rana ba, kafaɗarta ta taɓa tasa. Rawa take. Ko shi ne?

Ladan ya soma kiran azahar. Ya kamata ya tashi ya yi alwala. Ya dubi hannun rigarsa — a naɗe har gwiwar hannu, da ɗan danshi. Ya yi ke nan? Yana so ya tambaye ta.  In ya tambaya, za ta faɗa masa…