Tawadar da Ta Bi Alwala

Ku yi mini haƙuri, ni ba marubuciya ba ce. Karatu kawai na iya, kuma wannan ma a bayan littafin makaranta nake rubuta shi. Ban sami wanda zan faɗa wa da baki ba ne.

Ana saura kwana uku zaɓen 1992, Alhaji Imoro, mai gidan da muke haya a unguwar Nima, ya tara mu a tsakar gida.

"Zaɓe dole ne, kamar salla," in ji shi. "Gwamnati ba ta tilasta ba, ni na tilasta. Mu 'yan Zongo ba ma fita, sai mu zauna muna kukan ba a gyara mana kwata ba. Wanda ban ga tawada a yatsansa ranar Talata ba, ya nemi wani ɗaki."

Babana Abubakari tela ne, a nan unguwar Maamobi aka haife shi, amma bai yi rajista ba. Tun 1969 da aka loda yayansa a mota aka fitar da shi daga ƙasar, aka ce baƙo ne, ba ya tsayawa gaban wani tebur da za a tambaye shi inda aka haifi ubansa. Mu shida ne a ɗakin nan.

Ni na kawo dabarar. Na karanta littattafai, ina ganin na fi kowa wayo. Ranar Talata da rana na ɗauko kwalbar tawadar allo ta ƙanena, na shafa wa Baba a babban yatsa, na hura har ta bushe.

"Mulikatu, wannan ba ƙarya ba ce?"

"Baba, maganar ɗaki ce."

Ya tashi ya je ya nuna wa Alhaji.

Alhaji ya duba yatsan, ya yi murmushi, har ya ce Baba ya zo su yi la'asar tare. Suka tsuguna a bakin famfo, kowa da butarsa. Sai a lokacin na tuna abin da duk yaron makarantar allo ya sani: tawadarmu don a wanke ta aka yi ta.

Baba ya wanke hannu sau uku, bai rage ko ɗaya ba. Baƙin ruwa ya gangara kan siminti ya bi ta gaban ƙafar Alhaji.

"Malam Abubakari, tawadar gwamnati ta musulunta ne? Na ga ta bi alwala."

Matan gida suka yi dariya.

"Alhaji, shekara goma sha tara muna salla sahu ɗaya."

"Shi ya sa na ba ka zuwa ƙarshen wata. Wa ya shafa maka?"

Baba ya ci gaba da kurkure baki. Kwalbar tana cikin zanena. Kowa na kallon yatsan nan fari tas, ni kuwa na bi jikin bango na fita ta ƙofar baya.